Mafi Ƙarancin Albashi da Kuɗin Ƙarin Lokaci: Yadda Ma'aikaci a Najeriya Zai Bi Haƙƙinsa

Wani ƙanina yana gadi a wata masana'anta a Kano. Yakan karɓi duti da ƙarfe shida na yamma, ya miƙa da shida na safe, dare shida a kowane mako. Wata safiya ya biyo ta gidana kafin ya je ya kwanta, idanunsa jajaye saboda rashin barci, ya miƙo mini wayarsa yana nuna mini alat na banki: naira dubu 45. Ya ce, "Yaya, ana ta faɗa a rediyo cewa mafi ƙarancin albashi dubu saba'in ne, mu me ya sa ba mu gani ba?" Na ce ya kawo mini takardar ɗaukarsa aiki in duba. Ya ce shekararsa biyu a wurin, ba a taɓa ba shi ko fallen takarda ba, abin da yake da shi kawai kaki ne da katin shaida da yake ratayawa a wuya. Na tambaye shi ko yana rubuta awannin da yake yi, ya ce bai taɓa tunanin hakan ba. Abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da muka bi tare da shi, da abin da doka ta tanada a kowace gaɓa, domin irinsa suna da yawa a gidajen mai, da makarantu masu zaman kansu, da otal-otal, da asibitoci, da kamfanonin tsaro.

Abu ɗaya ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko. Mafi ƙarancin albashi doka ce ta yanke adadinsa, don haka bin sa yana da sauƙi idan dokar ta hau kanka. Kuɗin ƙarin lokaci kuwa, wanda ma'aikata ke kira obatayim, doka ta amince da shi amma ba ta yanke farashinsa ba, ta bar shi ga yarjejeniyar da ke tsakaninka da mai aikin. Saboda haka ƙarfinka a wannan fage ya dogara kusan gaba ɗaya a kan abin da yake rubuce.

Mataki na farko: ka tabbatar dokar ta shafe ka

Najeriya ta fara samun dokar mafi ƙarancin albashi a 1981, zamanin Shugaba Shehu Shagari, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi ƙarƙashin jagorancin Hassan Sunmonu, inda aka tsayar da naira 125 a wata. A 2011 aka kai shi dubu 18, a 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dubu 30. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da tsadar rayuwar da ta biyo baya, sai NLC da takwararta TUC suka shiga yajin aiki a farkon watan Yuni na 2024, kuma a ranar 29 ga Yuli na wannan shekarar Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar da ya kai adadin naira dubu 70, ya kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku. Wannan doka ta tarayya ce, kuma ta hau kan gwamnatin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi da kamfanoni masu zaman kansu. Idan ka ji cewa Kano ta amince da dubu 71, Kaduna dubu 72, Legas dubu 85, waɗannan adadi na ma'aikatan gwamnatocin jihohin ne. Ma'aikacin kamfani abin da zai kafa hujja da shi shi ne dubu 70 na dokar ƙasa.

Sai dai dokar ta yi togaciya, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Ba ta hau kan wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai mutum 25 ba. Ba ta shafi wanda ake biya kamasho ko wanda yake aikin jinga ba, wato wanda ake biya gwargwadon buhunan da ya ɗinke ko bulon da ya buga. Haka nan ta cire masu aikin ɗan lokaci waɗanda ba sa yin cikakken wuni, da masu aikin da yake zuwa da yanayi kamar ƙwadagon gona, da ma'aikatan jiragen ruwa da na sama waɗanda suke da nasu dokokin. Kafin 2019 iyakar ma mutum 50 ce, aka sauko da ita zuwa 25. A ganina har yanzu wannan giɓi ne babba, domin yawancin masu aikin albashi a garuruwanmu suna ƙananan wurare ne: yaron shago, mai aikin gidan burodi, malamar ƙaramar makarantar unguwa, direban gida. Waɗannan dokar ba ta kai gare su ba, ko da yake wasu haƙƙoƙin da zan ambata a gaba suna nan a gare su.

Don haka ka fara da ƙidaya. Ka ƙirga duk wanda yake karɓar albashi daga mai aikin nan, da masu dutin dare da na rana, da masu shara, da direbobi, da ma'aikatan ofis. Idan kamfanin yana da rassa, kada ka tsaya a kan mutum goma da kuke gani a reshenku, ka lura da sunan da yake fitowa a alat ɗin albashinka, domin wannan sunan ne mai aikin. A lamarin ƙanina sai muka gano cewa ba masana'antar ce ta ɗauke shi ba, wani kamfanin tsaro ne yake ba ta masu gadi, kuma wannan kamfanin yana da mutane fiye da ɗari a wurare daban-daban. Wannan tsari na ɗaukar ma'aikata ta hannun ɗan kwangila ya yi yawa yanzu a bankuna da masana'antu, kuma bai cire kowa daga kariyar doka ba. Wanda yake biyan ka shi za ka fara tunkara, amma ka rubuta sunan inda kake yin aikin ma, domin kotu takan duba wanda a zahiri yake ba ka umarni yana tsara lokacinka.

Akwai doka ta biyu, wato Dokar Ƙwadago da ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, kuma ita ce take magana a kan awannin aiki. Ita tana kare leburori da masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis, amma ta cire masu riƙe da muƙaman gudanarwa da ƙwararru irin su manajoji da injiniyoyi da lauyoyi. Waɗannan yarjejeniyar aikinsu ce dokarsu. Dokar Ƙwadago ba ta da iyakar mutum 25, saboda haka ko ku biyar ne a wurin aikin, tanade-tanadenta a kan takardar aiki da hutu da yankan albashi sun shafe ku.

Mataki na biyu: ka nemi takardarka

Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci rubutaccen bayani kafin ya wuce wata uku da fara aiki. Takardar za ta ƙunshi sunan mai aikin, da sunan ma'aikaci da adireshinsa, da ranar da aka ɗauke shi, da irin aikin, da adadin albashi da yadda ake lissafa shi da lokacin biya, da awannin aiki, da hutu, da abin da za a yi idan ya yi rashin lafiya, da tsawon notis idan ɗaya zai rabu da ɗaya. Idan an canja wani sharaɗi, dole a sanar da ma'aikaci cikin wata ɗaya.

Na san yadda wannan yake da nauyi a al'adarmu. Sau da yawa wani ɗan'uwa ne ko wani dattijo ya kai ka aikin, aka ce maka "ka fara gobe", kuma neman takarda sai ya zama kamar rashin yarda ko rashin godiya. Amma mu mutane ne da addini ya umarta su rubuta bashi idan sun ƙulla shi, kuma albashin da aka yi aikinsa ba a biya ba bashi ne. Ana iya nema cikin ladabi. Abin da na koya wa ƙanina ya faɗa wa shugabansu shi ne: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a taimaka mini da takardar ɗaukar aiki, domin ina buƙatarta a ajiye." Idan an bayar, ka karanta layin awannin aiki da kyau, ko ka kai wa wanda ya iya Turanci ya fassara maka kalma bayan kalma kafin ka sa hannu. Idan an hana, rashin takardar bai soke haƙƙinka ba, laifi ne a kan mai aikin, sai dai nauyin tabbatar da cewa kai ma'aikacinsa ne ya ƙaru a kanka. Ka adana katin shaida, da hoton jadawalin duti da ake liƙawa a bango, da saƙonnin WhatsApp da shugabanka yake turo maka, da bayanan asusunka na banki. Dokar Shaida ta 2011 ta amince da hujjar da aka ciro daga waya ko kwamfuta idan an cika sharuɗɗanta, don haka kada ka goge saƙo, kuma kada ka sayar da wayar ba tare da ka kwashe abin da ke cikinta ba.

Mataki na uku: ka lissafa abin da ake biyan ka a zahiri

Dubu 70 ɗin jimillar abin da ake biya a wata ce, wato tushen albashi haɗe da alawus-alawus na yau da kullum kamar na gida da na mota, kafin a cire abin da doka ta yarda a cire. Babban abin da ake cirewa shi ne fansho, inda Dokar Fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, mai aiki ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa. Saboda haka mai albashin dubu 70 zai iya ganin alat ɗin da bai kai dubu 70 cif ba, kuma babu laifi a ciki matuƙar kuɗin suna shiga asusun fanshonsa, abin da ya kamata ya tabbatar da kansa daga kamfanin da ke riƙe masa asusun. Harajin albashi kuwa an ɗauke wa mai karɓar mafi ƙarancin albashi.

Duk wata yarjejeniya da ta sa ka amince da ƙasa da dubu 70 a wurin da dokar ta hau kansa ɓatacciya ce, ko da ka sa hannu da kanka. Mai aiki ba zai ce "ai kai ka yarda" ya tsira ba. Bambancin da ke tsakanin abin da aka biya ka da abin da doka ta ce ariyas ne da kake bi. Wanda ake biya dubu 45 yana bin dubu 25 a kowane wata, a shekara guda ya zama dubu 300. Dokar mafi ƙarancin albashi ta ɗauki ƙin biya a matsayin laifi, kuma hukuncinsa ya haɗa da biyan dukkan ariyas, da tara, da ƙari a kan kowane watan da aka ci gaba da saɓawa. Ta kuma wajabta wa mai aiki ya ajiye bayanan albashi na shekara uku, waɗanda jami'in ƙwadago na gwamnati yake da ikon ya ce a kawo masa.

Sai maganar yankan albashi, wadda take cin mutane a ɓoye. A gidajen mai ana yanke wa mai sayarwa kuɗin gibi, a makarantu ana yanke na makara, a wasu wuraren har kuɗin kaki ake cirewa. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Idan ya jawo asara da gangan ko ta hanyar sakaci, ana iya cire abin da ya dace, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna. Kuma duk abin da za a cire a wata guda kada ya wuce kashi ɗaya bisa uku na albashin. Dokar ta kuma ce a biya albashi da kuɗi, kada a maye gurbinsa da kayan kamfani, kuma kada tazarar biya ta wuce wata ɗaya.

Mataki na huɗu: awannin aiki da kuɗin ƙarin lokaci

A nan ne ya kamata a tsaya sosai, domin a nan ne fahimtar mutane ta fi karkacewa. Da yawa sun ɗauka cewa dokar Najeriya ta ce awa takwas a rana, kuma duk abin da ya haura a biya shi ninki ɗaya da rabi. Dokar ba ta faɗi haka ba. A Nijar da Gana dokokin ƙwadago sun ambaci awa 40 a mako ƙarara, amma sashe na 13 na tamu dokar cewa ya yi awannin aiki na yau da kullum su ne waɗanda aka tsayar ta ɗaya daga hanyoyi uku: yarjejeniya tsakanin ma'aikaci da mai aiki, ko yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta ƙulla a madadin mambobinta, ko hukuncin hukumar tsayar da lada ta wannan sana'a inda babu ƙungiya. Duk awar da aka sa ma'aikaci ya yi sama da waɗannan, ita ce ƙarin lokaci. Awa takwas a rana da ninki ɗaya da rabi al'ada ce da ta kafu a aikin gwamnati da manyan kamfanoni da yarjejeniyoyin ƙungiyoyi, kuma asalinta yana komawa ga yarjejeniyar farko ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 1919, wadda ta tsayar da awa 8 a rana da 48 a mako ga ma'aikatan masana'antu.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, idan takardarka ta ce awa takwas kuma ana sa ka yin goma sha biyu, kana da awa huɗu na ƙari a kowace rana, kuma farashinsu shi ne abin da takardar ko littafin dokokin kamfani ko yarjejeniyar ƙungiya ta faɗa. Idan kuwa takardar da kanta ta ce dutinka awa goma sha biyu ne a kan albashi kaza, to ƙofar neman obatayim ta ƙuntata ƙwarai, domin an mayar da sha biyun awanninka na yau da kullum. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a yi wannan magana shi ne ranar ɗaukar aiki. Ka tambaya a fili: awa nawa ne aikin, kuma idan an wuce, nawa ake biyan awa a ranar aiki, nawa a ranar hutun mako, nawa a ranar Sallah ko Kirsimeti? Ka roƙa a rubuta amsar.

Amma akwai abubuwa biyu da dokar ta ba ka kai tsaye, ko da takarda ko babu. Na ɗaya, wanda yake aikin awa shida ko fiye a rana yana da haƙƙin hutu a tsakani wanda jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, ana iya ba shi a haɗe ko a rarrabe, kuma wannan ne lokacin sallarsa da cin abincinsa. Na biyu, a cikin kowane kwana bakwai yana da hutun awa 24 a jere. Idan an ci wannan hutu, dole a rama masa cikin kwana 14, ko kuma a biya shi da farashin ƙarin lokaci. Mai gadi ko ma'aikaciyar jinya da take yin kwana talatin ba fashi ta san cewa a nan tana da tsayayyar hujja daga bakin doka.

Ga yadda ake lissafin, a misali. Mai albashin dubu 70 da yake aikin awa takwas, kwana shida a mako, yana yin kimanin kwana 26 a wata, wato awa 208. Idan ka raba dubu 70 da 208, awarsa ɗaya ta kama kimanin naira 337. Idan a zahiri awa goma sha biyu yake yi, awanninsa sun zama 312, ƙarin ya zama awa 104. A farashin awa ta yau da kullum wannan kimanin dubu 35 ne, idan kuma yarjejeniya ta ce ninki ɗaya da rabi, ya haura dubu 52. Idan ba a biya shi komai a kan ƙarin ba, to dubu 70 ɗin da ake ba shi, in aka raba da awa 312, awarsa ta faɗo zuwa kimanin naira 224. Wannan shi ne dalilin da ya sa nake ganin ba a raba maganar mafi ƙarancin albashi da ta awanni, domin ana iya cika adadin da doka ta ce a takarda, a karɓe shi ta hanyar tsawaita duti.

Ka sayi ƙaramin littafi. Kowace rana ka rubuta kwanan wata, da lokacin shiga, da lokacin fita, da sunan wanda ya ce ka tsaya bayan lokaci. Idan ana sa hannu a rijista a bakin ƙofa, ka ɗauki hoton shafin lokaci-lokaci inda ba a hana ba. Idan shugabanka ya ce da baki ka ƙara awa uku, ka tura masa gajeren saƙo: "Yallaɓai, kamar yadda ka ce, zan tsaya har ƙarfe tara." Wannan saƙo yana nuna cewa da umarni ka yi ƙarin, kuma wannan yana da muhimmanci, domin abin da mai aiki ya fi faɗa a gaban hukuma shi ne babu wanda ya sa ka. Kotu ba ta ba da kuɗin ƙarin lokaci a kan kintace. Tana so ka nuna mata abin da ya ba ka haƙƙin, sannan ka nuna yadda ka kai ga adadin da kake nema, rana bayan rana.

Mataki na biyar: ka fara nema daga cikin gida

Kada ka fara da barazana ko tayar da murya a bakin ofishin akanta. Ka rubuta gajeriyar wasiƙa zuwa ga manaja ko mai kula da ma'aikata, ka faɗi ranar da ka fara aiki, da abin da ake biyan ka, da abin da doka ta ce, da jimillar da kake bi, ka haɗa da kwafin lissafinka, ka nemi amsa cikin mako biyu. Ka yi kwafi biyu, a sa maka hannu da kwanan wata a kan ɗaya ka tafi da shi gida. Idan ku da yawa ne abin ya shafa, ku sa hannu tare, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma sallamar mutum ɗaya ta fi sauƙi a kan sallamar ashirin. Inda akwai ƙungiya, ka bi ta hannunta. Dokar Ƙwadago ta hana a sa wa ma'aikaci sharaɗin kada ya shiga ƙungiya, ta kuma hana korarsa saboda ya shiga.

Tsoron kora gaskiya ne, kuma ba zan ce wa mai iyali ya yi watsi da shi ba. Abin da zan ce shi ne ka san abin da kake da shi idan hakan ta faru. Notis ɗin da doka ta tanada kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama, ko kuma a biya kuɗin madadinsa. Sallama ba ta goge ariyas. Kuma ka yi hattara da takardar da ake miƙo wa mutum ranar sallama wadda take cewa ya karɓi dukkan haƙƙinsa ba ya bin komai. Idan lissafin bai cika ba, kada ka sa mata hannu cikin gaggawa don kawai a ba ka ɗan abin da ke hannu.

Mataki na shida: hukuma, sannan kotu

Idan wa'adin ya wuce shiru, ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka, wanda kwanturolan ƙwadago yake shugabanta. Ka kai rubutaccen ƙorafi da kwafin hujjojinka, ka riƙe na asali a hannunka. Jami'an sukan gayyaci mai aikin a zauna a yi sulhu, kuma suna da ikon shiga wurin aiki su duba littattafan albashi. Akwai kuma Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda take da ofis a kowace jiha, take karɓar koke kyauta a kan hukumomin gwamnati da kamfanoni, sai dai tana so a kai mata maganar kafin ta shekara. Duk abin da aka daidaita a kai a wurin sulhu, a rubuta shi da adadi da ranar biya, kowa ya sa hannu.

Idan sulhu ya ƙi, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Tun gyaran tsarin mulki na 2010, sashe na 254C ya ba ta ita kaɗai hurumin shari'ar aiki da albashi, don haka kai ƙarar wata kotun ɓata lokaci ne. Tana da rassa a Kano da Kaduna da Sakkwato da Bauchi da Jos da Abuja da wasu biranen, tana da cibiyar sulhu tata, kuma tsarin mulki ya ba ta damar duba abin da ake kira rashin adalci a wurin aiki tare da la'akari da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. A wannan mataki kana buƙatar lauya. Wanda ba shi da hali ya tuntuɓi lauyan ƙungiyarsa ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a. Kada a yi jinkiri, domin ƙarar bashi tana da wa'adi a dokokin jihohi, kuma ma'aikacin gwamnati ya ƙara kula, saboda lauyoyin gwamnati sukan kafa hujja da dokar kare jami'an gwamnati wadda ta ƙayyade wata uku.

Lamarin ƙanina bai kai kotu ba. Shi da abokan dutinsa su goma sha ɗaya suka sa hannu a wasiƙa ɗaya, da aka yi shiru suka kai ta ofishin ƙwadago, aka zauna sau biyu. Kamfanin ya amince ya mayar da albashinsu dubu 70, ya biya bambancin watannin baya kashi-kashi, ya kuma ba kowannensu takardar aiki mai ɗauke da awanni da farashin ƙari. A kan obatayim kuwa, an biya shi na wata huɗu ne, wato watannin da suke cikin littafin da ya fara rubutawa bayan zuwansa gidana, kuma aka gwada su da rijistar bakin ƙofa suka dace. Na sauran watanni ashirin da huɗu da suka gabata wakilin kamfanin ya ce a kawo hujja, kuma tsohuwar rijistar an ce ba a same ta ba.